Hoton ɗan uwanka amana ne

 

Tun kafin a buɗe da addu'a na ga wayoyi sun tashi sama, kuma tawa tana cikinsu. Ba laifi ba ne. In malam ya cika allo da rubutu, mutum guda ya ɗauka, ya tura wa kowa ta Xender ko Bluetooth, ko dala ba a kashe ba. Wanda ya taso daga Tawa ko Damagaram, da hoto yake nuna wa mahaifiyarshi inda ya kwana da waɗanda ya zauna da su. Mun gode Allah.

Amma bari in ba ku labarin abin da ni na yi. A wani buɗa-baki da munka yi da azumi, barci ya kwashe wani ɗan uwa ana cikin tafsiri, baki buɗe. Na ɗauke shi, na jefa a gurup ɗinmu na WhatsApp don a yi dariya. Kafin sallar asham an maida shi sitika. Bayan kwana biyu ƙanwarshi ta gan shi a gurup ɗin lakkol ɗinsu. Daga baya na ji ashe a asibiti ya kwana yana jinyar mahaifinshi. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake zuwa karatu ba har azumi ya ƙare.

Na goge hoton, to amma ina amfani? Hoto in ya sauka a waya, yakan zauna cikinta, kuma gurup guda na iya ɗaukar mutum 1024. Ko wanda ake buɗewa sau ɗaya, wata waya tana iya ɗaukar shi daga fuskar taka. Abin da ya bar hannunka ya bar shi ke nan.

Ƴan uwa, addininmu ya riga waya magana. Aya ta 11 da ta 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili, da bin diddigin mutane, da giba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta koya muna neman izini kafin shiga gidan wani. To fuskar mutum fa? Ƙasarmu ma tana da doka tun 2019 kan laifukan intanet, wadda ta haɗa da ɓata suna.

Ga roƙona guda uku. Na farko, ka tambaya kafin ka ɗauka, ka sake tambaya kafin ka tura. In ƴar uwa ta ce a'a, magana ta ƙare. Na biyu, kada a ɗauki mai barci, ko mai cin abinci, ko mabuƙacin da muke ba sadaka. Na uku, mu zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa ɗaukar hotunan taro, sauranmu mu aje waya mu saurari malam, mu gaisa da na kusa da mu. Don shi munka sha hanya.

Allah ya rufa muna asiri duniya da lahira. Wassalamu alaikum.