Jawabin Ƙaddamar da Rabon Murhu da Dashen Itatuwa ga Mata a Argungu



Kula da muhalli a kwarin Rima ya daɗe a hannun mata tun kafin a buɗe masa ofis. Mace ce ke turara shinkafar fadama, ita ke bandar kifin da masunta suka kamo, ita ke fara sanin cewa damin itace ya yi tsada.

Jihar Kebbi ta yi abin a yaba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015. A 2016 UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT. Jihar tana cikin jihohi 11 da ke aikin Babbar Koriyar Ganuwa.

Sai dai da shinkafa ta yawaita, tukwanen turara sun ƙaru, itace kuwa ya ragu. Murhun duwatsu uku yana zubar da zafi ta gefe, hayaƙin ya ƙare a idon mai girki, ga buntun shinkafa jibge bayan injin, alhali makamashi ne. Murhun da ake rabawa yau zai rage wannan asara.

Dashe kuwa sai da ƙasa, kuma nan gizo ke saƙar. Ba a dasa darbejiya ko mangwaro a gonar aro, domin mai gona yana ɗaukar dashe a matsayin neman mallaka. Shari'a ta ba mace rabonta na gado, amma sau da yawa gonar tana nan hannun yayyenta maza, ana cewa ana riƙe mata. Riƙon da ya shekara ashirin ya tashi daga amana. Masu murmushi a sahun gaba sun san gidajen da ake nufi. Haka kwamitocin rabo: a cika su da maza, a sa mace ɗaya don hoto. Alhali Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 2004, ga matan karkara ta damƙa renon dashe, ana biyansu kan wanda ya rayu.

Ana roƙon hakimai da alƙalai su raba gonakin gado da suka daɗe a rataye, gwamnati kuma ta saki kuɗin ban-ruwan dashen kafin rani.