Neman Wurin Kafa Tanti a Tsaunin Mambila

Matafiyin da ya hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, yakan tarar da tuddai masu ciyawa iya ganin ido a kewayen Nguroje da Gembu, har ya ɗauka ko'ina zai iya kafa tanti, wato ɗakin tamfol da ake naɗewa a tafi da shi. Wannan zato kuskure ne, domin filin da ake gani kamar ba na kowa ba galibi makiyaya ce ko gonar da aka bari ta huta, kuma rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya sa baƙon da ya sauka babu sallama yakan zama abin zargi. Neman wuri yana farawa ne daga ƙofar mai unguwa ko arɗo, shugaban Fulanin yankin, wanda izininsa ya fi kowace taswira amfani.

Sai zaɓen fili: kwari yana tara sanyi da raɓa, rafi yakan cika cikin dare da damina, ƙoƙuwar tudu kuwa iska ba ta barinta, don haka gefen tudu mai ɗan shimfiɗa, nesa da burtali, hanyar da shanu ke bi, shi ya fi dacewa.