Jawabin Kwamitin Gudanarwa: Mu Yi Wa Kayan Iyayenmu Ɗaki

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya. Ma'aji ta riga ta karanta lissafin adashi da rance, saboda haka mu wata magana ce daban muka kawo muku.

Kun ga yadda kayan iyayenmu ke ɓacewa. Ƙwaryar jere, akushi, tulu, mazari, zanen saƙi, duk roba da silba sun kore su. Ga kuma rashin tsaro da ya taso 'yan'uwanmu da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu. Wanda ke gudun ceton rai ai ba ya tsayawa ɗaukar dutsen niƙa. Shi ya sa kwamiti ke ba da shawara mu ware ɗaki guda nan Bena, mu mai da shi ɗan gidan tarihi.

Wata za ta ce, ina mu ina gidan tarihi? To mu dubi Argungu, cikin jiharmu. Gidan Tarihi na Kanta fada ce da aka gina a 1831. Sarakunan Kabi sun zauna cikinta har 1942, sannan aka buɗe ta ga masu ziyara a 1958. Ana ajiye makamai da tambura na da a ciki. Can bakin kogin Matan Fada kuwa, bikin kamun kifi da aka fara a 1934 ya kai har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Homa da gora da masunci ke shiga ruwa da su kayan talaka ne, ba na zinariya ba. Sun yi daraja ne don an samu masu riƙon sanin, irin su Sarkin Ruwa, suna miƙa shi ga na baya.

Mu kuma tuna da mutanen bakin Neja. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta nutse, aka tashi ƙauyuka da yawa na ƙasar Yawuri. Jirgi da taru mutum na iya sake yi, amma in tsohuwar da ta san sunan kowane abu ta rasu, shi ke nan.

Yaya ake tafiyar da irin wannan wuri? Ko a Ingila, ƙananan gidajen tarihin jiragen ruwa da ke garuruwan bakin teku a kan duwatsun murhu uku suke tsaye: ma'aikaci, da 'yan sa-kai, da amintattu. Mu ma haka za mu yi.

Na farko, ma'aikaciya guda wadda za a riƙa biya duk wata, ko da kaɗan ne. Mabuɗi da littafin rajista suna hannunta. Duk abin da ya shigo ta ba shi lamba, ta rubuta sunansa da Hausa da kuma yaren mai shi, ko C'lela ne ko wani, da garin da ya fito, da amfaninsa. Ta rubuta ko kyauta ne ko aro, mai kaya ta sa hannu ko ta dangwala. Wannan layi ɗaya shi ke hana rigimar magada gobe. Dalilin biyan kuwa, wanda ake biya ana iya tambayarsa in abu ya ɓata.

Na biyu, 'yan sa-kai. Shara, kaɗe ƙura, duba gara, ɗora kaya bisa katako don kada danshin damina ya ci su. Za mu yi jadawali, kowace rukuni da makonta, kuma ba za mu sa kowa aiki ranar kasuwa ko lokacin girbi ba. 'Ya'yanmu masu waya su zauna gaban kakanninsu su ɗauki murya: yadda ake kaɗi, yadda ake golmo, abin da ake yi lokacin Uhola. Ɗan sa-kai dai ba bawa ba ne, godiya ce ladarsa a nan duniya, kada mu yi masa rowarta.

Na uku, amintattu. Mutum biyar da taro zai zaɓa, Musulmi da Kirista, da dattijo guda daga gari. Ba su riƙe mabuɗi, ba su shara. Aikinsu su ƙirga kaya da littafi a hannu sau biyu a shekara, su duba kuɗi, su kawo rahoto gaban taro. Asusun ɗakin daban yake da na adashi, kuma ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu. Babu mai ikon sayar da komai, ko shugaba ce. Mu sani kuma, dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. In baƙo ya zo yana taya tsohon kaya, a sanar da amintattu.

Abin da muke roƙo yau guda biyu ne. Kowace ta koma gida ta duba ƙarƙashin gado da bayan rumbu, ta yi shawara da maigida da surukai kafin ta ɗauko komai. A taron wata mai zuwa kuma mu zo da sunayen waɗanda muka yarda da amanarsu, mu jefa ƙuri'a. In kun amince, sai mu fara da ɗaki guda da littafi guda.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka cikin sana'o'inmu.