Wane Littafi Za Mu Saya Wa Ƙannenmu Don Koyon Linux?

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Kwamitin ilmi ya ɗora mini nauyin in ba da shawara a kan littattafan da za a saya wa ɗakin karatu na makarantarmu da ɗan abin da aka tara, domin yaranmu su koyi manhajar nan da ake kira Linux. To, kafin littattafan, bari in faɗi dalilin da ya sa maganar ta taso. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan yawancin tsofaffin kwamfutoci irin waɗanda aka ba makarantunmu kyauta. Ga shi kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Saboda haka ko dai mu bar na'urorin nan ƙura ta cinye su, ko kuwa mu ɗora musu wata manhajar da ba ta da nauyi, ba a kuma biyan kuɗin lasisinta.

Linux tsarar Jihar Jigawa ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da fara ta ranar 25 ga Agusta, 1991, bayan kwana biyu Janar Babangida ya ƙirƙiro mana jiha. Ta yi koyi ne da Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969. Abin da ya bambanta ta shi ne an bar rubutun da aka gina ta da shi a buɗe, kowa yana iya dubawa, ya gyara, ya raba wa jama'a. Duk mai wayar Android a ɗakin nan, zuciyar wayarsa Linux ce.

Inda littafi ya zama dole shi ne wajen baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, wato layin umarni. Alal misali, in kana da sunayen ɗalibai dubu a cikin fayil, kana son sanin nawa ne 'yan Gagarawa, sai ka sa grep ta tsamo maka layukan da ke ɗauke da sunan garin, ka miƙa su ga wc ta ƙidaya, duk a layi guda. Irin wannan ba a gane shi da lalube, sai an karanta an kuma gwada.

Littafin da na sa a gaba shi ne The Linux Command Line na William Shotts. Kamfanin No Starch Press ya buga shi a 2012, ya sake fito da bugu na biyu a 2019, yana da babi 36 da shafi wajen 500. Na zaɓe shi ne domin yana kama hannun mai koyo tun daga tushe: yadda za ka san inda kake da pwd, ka ga abin da ke wurin da ls, ka ƙaura da cd, sannan kwafa da sharewa, har ya kai ka ga rubuta 'yan ƙananan shirye-shirye naka na kanka. Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan aji biyar mai ƙwazo zai iya bin sa. Bugu da ƙari, marubucin ya ajiye shi kyauta a intanet, kuma lasisinsa ya yarda a gurza a raba muddin ba sayarwa za a yi ba. Sai dai lasisin bai yarda a sauya shi ba, don haka masu sha'awar mayar da shi Hausa, kamar yadda wani malaminmu ya kawo shawara, sai sun nemi izininsa tukuna.

Wani zai ce tunda kyauta ne a waya, me ya kawo maganar takarda? Ranka ya daɗe, kowa ya san halin wutarmu, ya kuma san tsadar data. Sannan yaron da ke makarantar kwana ba a barinsa da waya. Takarda kuwa tana nan buɗe a gefen kwamfuta, yana dubawa yana bugawa, ya yi alama da fensir inda ya tsaya.

Na biyu shi ne How Linux Works na Brian Ward, bugu na uku, 2021. Wannan na malamin kwamfuta ne da ɗaliban da suka yi nisa. Yana bayyana abin da ke faruwa daga lokacin da aka kunna na'ura har ta gama tashi, da yadda take sarrafa faifai da hanyar sadarwa. Kwafi ɗaya ko biyu sun isa. Akwai kuma The Debian Administrator's Handbook na Raphaël Hertzog da Roland Mas, shi ma kyauta ne, kuma shi lasisinsa ya yarda da fassara.

Akwai waɗanda zan roƙa a dakata da su. UNIX and Linux System Administration Handbook, bugu na biyar na 2017, littafi ne na ƙwarai, amma ya haura shafi 1,000, an kuma rubuta shi ne domin masu kula da manyan na'urorin bankuna da jami'o'i. In ka ba yaro shi a ranar farko, ka kore shi ke nan. Haka The Unix Programming Environment na Brian Kernighan da Rob Pike, na 1984, ina ganin girmansa ƙwarai, amma sai bayan an iya.

Sai batun gwanjo. Duk wanda ya leƙa masu sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari a Kano zai ga ƙatta-ƙattan littattafan Linux da araha, wasu har da faifan CD a manne a baya. A duba shekarar bugu kafin a taya. Su ls da cd da grep ba su tsufa, yadda suke shekara 30 da suka wuce haka suke yau. Amma babin da ya shafi ɗora manhajar da tayar da na'ura da haɗa ta da intanet yana tsufa da wuri. A 2015 Debian da Ubuntu suka koma wani sabon tsarin tayar da na'ura mai suna systemd, don haka littafin da ya girmi wannan shekara zai sa yaro ya yi ta buga umarnin da aka daina amfani da shi, ya ɗauka shi ne bai da kai. Ita Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, tana fitar da babban zubi ne duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar. Littafin da aka rubuta don zubi guda kaɗai, kwanansa ƙidayayye ne.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne littattafan kutse. Samarinmu da sun ji Linux sai su ce Kali, suna son a kira su gwanayen fasa asusun mutane. Kali kayan aikin masana tsaro ne, waɗanda suka yi ta ma ba su ba mai koyo shawarar ya fara da ita ba, kuma tun 2015 Nijeriya take da dokar laifuffukan intanet mai kai mutum kurkuku. Kada kobon ƙungiya ya tafi can.

Shawarata ga kwamiti ita ce a gurzo kashin farko na littafin Shotts a ɗaure shi da yawa yadda kowace kwamfuta za ta samu nata, a sayi cikakkensa guda biyu da na Ward guda ɗaya a ajiye wajen malami. A haɗa da 'yan filas masu ɗauke da Linux Mint ko Lubuntu, domin ana iya tayar da na'ura daga kansu a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A kuma ja wa yara kunne tun ranar farko cewa abin da rm ta share ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in zauna da malamin kwamfuta da ɗalibansa, in Shugaban makaranta ya amince.