Jawabin Taron Ƙungiya: "Wata Rana" Ba Ta Cikin Ranakun Mako



Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwanmu ƴan ci-rani da suka zo daga Yamai da Kwatano da Legas, muna yi muku barka da zuwa, Allah Ya saka da alheri. Bayan haka, maganar da muka kawo yau ita ce ta takardar nan da muka rubuta, wadda muka jera wuraren da muke son zuwa tun muna da sauran ƙarfi.

Abin da ya sa muka rubuta ta kowa ya sani. Akwai wani dattijo namu da ya shekara goma yana cewa wata rana zai haye gada ya gano ƙanwarsa a Kandi. Sai aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, aka tare ta da manyan akwatunan kaya. Ko da aka ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairu 2024, ɓangarenmu ya zauna a rufe, mutane suka koma shiga kwale-kwale. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya iya wannan. Ƙanwar ta rasu bai gan ta ba. To jama'a, hanyar da muka saba bi ba tare da tunani ba, ashe a dare ɗaya tana iya toshewa.

Saboda haka muka zauna muka rubuta wurare biyar, muka fara da na kusa.

Na ɗaya, Dallol Foga, wajen Bana, inda mata ke kankare ƙasa mai gishiri, su tace, su dafa har gishiri ya fito. Ƴaƴanmu da aka haifa a birni suna cin gishirin Foga, amma ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba.

Na biyu, Doso, tafiyar kilomita kamar 150, domin ganin fadar Zarmakwai da aka gina a 1904.

Na uku, Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogonduci, inda Sarauniya Mangu ta tari sojojin Faransa a 1899.

Na huɗu, Argungu ta hanyar Kamba, domin gidan tarihin Kanta da kogin da ake wasan su, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin.

Na biyar, Sakkwato, ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817.

To, rubutu ba shi da wuya. Takardu nawa muka rubuta a ƙungiyar nan gara ta cinye? Shi ya sa muka ɗaura wa wannan sharuɗɗa huɗu. Kowane wuri sai an sa masa wata, kuma tsakanin kaka da ƙarshen ɗari za a yi, lokacin da aikin gona ya ɗaga. Kowane ɗan ƙungiya zai zuba jika ɗaya a wata, ma'aji ya rubuta, a karanta a gaban kowa. Dattawa ba za su biya kuɗin mota ba, kuma kowane dattijo za a haɗa shi da yaro ɗaya, yaro ya riƙe masa kaya, shi kuwa ya ba yaro labari. Na ƙarshe, ba za mu tashi ba sai mun tambayi mutanen wurin da hukuma halin da hanya ke ciki, kowa kuma ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. In aka ce hanya ba lafiya, sai mu musanya da wani wuri, ba za mu kai kowa ga halaka ba.

Alhamdu lillahi, na ɗaya mun cika shi. Mun cika mota guda mun je Foga, mun komo kafin magariba. Wata tsohuwa da ke cikinmu ta tarar da ƴar ƙanen babanta a bakin tukunyar gishiri, rabonsu da juna tun suna ƴan mata. Da gaske ne zumunta a ƙafa take.

Yanzu Doso ce a gaba. Ƴan ci-rani, muna roƙonku ku aiko da naku da wuri, kuma in an ba yara hutun makaranta ku turo mana su. Dattawa kuma, wanda ke da wurin da ransa ke so, ko ɗan'uwan da ya daɗe bai gani ba, ya faɗa wa magatakarda yau kafin a watse, a rubuta, a sa masa wata.

Allah Ya buɗe hanyoyi, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya kai mu lafiya Ya komo da mu lafiya. Amin.