In Mutane Sun Ƙi Ka, Ubangiji Bai Ƙi Ka Ba

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Yau kun gan ni da babbar riga, ana kirana ma'aikacin gwamnati. Amma 'yan ajinmu za su tuna na yi shekara 4 ban leƙo wannan taro ba. Kunya ce ta hana ni.

Na gama jami'a a 2012, na yi hidimar ƙasa, na shiga neman aiki. Na rubuta takardu har na daina ƙirgawa. A wani ofishi na yini a kan benci, da yamma masinja ya ce mini oga ya daɗe da fita ta ƙofar baya. Ana cikin haka iyayen yarinyar da nake nema suka mayar mana da kayan gaisuwa, suka ce ba za su ba mai zaman kashe wando 'yarsu ba. Daga nan na daina zuwa sujada, don a ganina Allah ma ya bi sahun mutane.

Wani dare mahaifiyata, wadda idanunta suka yi rauni, ta ce in karanta mata labarin Yusufu a Littafin Farawa, sura 37 zuwa 41. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya, suka sayar da shi azurfa 20. Matar Fotifar ta yi masa ƙazafi, aka kai shi kurkuku. Mai shayarwar Fir'auna, wanda Yusufu ya fassara wa mafarki, ya manta da shi shekara 2 cur. Sai da ya kai shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Da na gama, Mama ta ce, "Ɗana, cikin shekara 13 ɗin nan, a ina ka ga ya naɗe hannu yana zagin 'yan'uwansa?" Na yi shiru. A gidan Fotifar aiki ya yi da aminci, a kurkuku ma haka.

Daga baya na karanta Luka sura 4, inda mutanen Nazarat, garin da Yesu ya girma, suka fitar da shi suna neman jefa shi daga kan dutse. Bitrus ma ya yi musunsa sau 3. Sai na gane wanda nake yi wa addu'a ya riga ni sanin zafin ƙi.

Na koma ikilisiya, na karɓi koyarwa a wata ƙaramar firamare da albashin da a dā nake rainawa. A 2017 na sami aikin da nake yi yanzu. Kada ku ce ina nufin bangaskiya tikitin samun aiki ce, domin akwai waɗanda suka fi ni riƙon addu'a suna nema har yau. Abin da ta yi mini shi ne, ta hana ni ɗaukar hukuncin mutane a matsayin hukuncin Allah, ta kuma tsare ni daga ɗacin rai.

Ina da roƙo uku. Ƙannena, in an rufe muku ƙofa, ku kama abin da ke hannunku da aminci, kada ku ɓoye kanku. Mu da muke ofisoshi, mu tuna bencin da muka zauna. Ko ba mu da aikin bayarwa, mu fito mu gaya wa mai nema gaskiya cikin mutunci. Shugabannin ƙungiya kuwa, ku duba rajista, ku nemo waɗanda suka daina zuwa. Wataƙila abin da ya ɓoye ni ne ya ɓoye su.

Komai nisan dare, gari zai waye.  Ubangiji ya sa mana albarka, amin.