Ajin da Ba Ya Gasa Yara: Jawabi kan Ginin Makarantunmu da Yanayin Sakkwato



Mun saba idan muka taru mu tattauna albashi da ƙarin girma, kuma hakan daidai ne. Yau muna so mu yi magana a kan ɗakin da muke yin aikin a cikinsa, domin shi ma yana cikin haƙƙin malami da ɗalibi.

Dukkanmu mun san yanayin garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. A Disamba da Janairu kuwa ɗari da ƙura ne ke tarbar yara da sassafe. Ajin da aka fi gina mana, bulo ne siriri da rufin kwano, sau da yawa babu silin. Kwano yana ɗaukar zafi nan da nan, ya sauke shi a kan duk wanda ke ƙarƙashinsa, idan dare ya yi kuma ya sake shi da sauri, ɗakin ya wayi gari da sanyi. Shi ya sa da bazara, kafin ƙarfe goma sha biyu, malami yana bayani yara suna gyangyaɗi, da hunturu kuwa darasin farko yakan wuce suna ƙanƙame da jikinsu. Kada mu manta kuma cewa lokacin rani ne lokacin sanƙarau, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa yaɗuwarsa.

Wani zai ce a sa fanka. Makarantu da yawa ko waya ba a ja musu ba, waɗanda aka ja wa kuma sun san halin wutar. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ya fi ƙarfin asusun makarantar firamare. Ko farantan sola aka samu, fankar da ke juyawa ƙarƙashin kwano mai zafi iska mai zafi take kaɗawa. Saboda haka gyara yana farawa ne daga ginin kansa, tun kafin a kai ga maganar wuta.

Maginan dā sun san wannan. Sukan yi bango mai kauri da tubali, su yi rufin soro da azarar giginya. Ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i, lokacin da gari ya fara sanyi. Da hunturu kuma ɗumin da bangon ya sha da rana shi yake saki da dare. Wannan ilimi ne da har duniya ta yaba: masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya gina, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. An guji ginin ƙasa ne saboda dalilai na gaskiya. Yana buƙatar yaɓe a kai a kai, giginya ta yi ƙaranci, damina kuma ba ta yafe wa soron da aka yi sakaci da indararonsa. Abin da muke nema shi ne a ɗauki hikimarsa a haɗa da kayan zamani.

An yi hakan, kuma a makaranta aka yi. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, wanda zafinsa ya yi kama da namu, masanin zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 tare da mutanen ƙauyensu. Bangon tubalin ƙasa ne, silin ɗin ma na tubali, sannan aka ɗaga kwanon a kan ƙarafa sama da silin, aka bar rata a tsakani domin iska ta riƙa kwashe zafin. Kwanon ya zarce bango, yana yi masa inuwa, yana kare shi daga ruwa. A 2022 Kéré ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a wannan fanni. Nan kusa da mu ma, a garin Dandaji na Nijar, an kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji a 2018, aka mayar da tsohon ɗakin karatu.

Abubuwa huɗu muke so kowane malami ya riƙe. Na farko, rufi: a sa silin, a bar ƙofofin iska tsakaninsa da kwano, a shafa wa kwanon farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana. Birnin Ahmedabad na Indiya ya sa farin rufi cikin dabarunsa na kare talakawa daga zafi. Na biyu, fuskar gini: dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, saboda ranar hantsi da ta yamma su ne ke dukan bango kai tsaye. Na uku, tagogi: su kasance suna kallon juna domin iska ta ratsa, da ƙanana a can sama inda iska mai zafi ke taruwa, kuma da murafan da za a rufe da ɗari. Na huɗu, itatuwa: dogon yaro a gabas da yamma da aji. Wannan ba ya jiran kwangila, kowane aji zai iya rainon nasa.

Maganar ta shafi gidajenmu ma, musamman da hunturu. Iyayenmu mata, a kiyayi shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, takan kashe mutum yana barci. A toshe kafofin da ɗari ke shigowa, a ƙara bargo, a fitar da wuta kafin a kwanta. A madafa kuma, murhu mai tsimin itace yana rage kuɗin cefane da hayaƙi da saran daji a jihar da hamada ke matsowa. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu da na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana. Tana garinmu, ya kamata mu kai ɗalibai su gani.

To, me reshe zai yi? A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ka'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan rufi da girman tagogi da inuwarsu. Muna ba da shawara reshe ya rubuta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ya nemi duk ajin da za a gina ko a gyara ya zo da silin da baranda da tagogi masu kallon juna, kuma a rubuta hakan cikin takardar kwangila. Malaman da ke kwamitocin kula da makarantu su duba inda aka haƙa harsashi tun kafin a sa bulo, domin juya gini a kan takarda ba ya cin ko kwabo, bayan an gina kuwa sai rushewa. Malaman kimiyya su sa ɗalibai su auna zafin aji sau uku a rana a wannan zango, su rubuta. Yara za su koyi awo da lissafi, mu kuma za mu je gaban hukuma da alƙaluman ajinmu a hannu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace makaranta ta ba da sunan malami guda da zai tattara awon, a miƙa wa sakataren reshe kafin hutu, a kuma tanadi dashen itatuwa kafin saukar damina.